Ki Tafi da Hannun Bezalel

'Yata,

Mahaifinki ya zo mini jiya bayan sujadar yamma da takarda a hannu, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Na sa tabarau na karanta har sau biyu. Jami'ar Calvin da ke birnin Grand Rapids a jihar Mishigan ta karɓe ki ki koyi zane, har da tallafin kuɗin makaranta. Na yi wa Ubangiji godiya, sannan na ɗaga kai na dubi ƙanena, na ga murna da damuwa sun haɗu a fuskarsa. Damuwar nan na san ta, don ita na gani a fuskar mahaifinmu shekara hamsin da suka wuce, ranar da na ce masa in na shiga jami'a a Samaru zane zan karanta. Abin da ya sanyaya wa mahaifinki zuciya shi ne makarantar ta Kirista ce. Ni ma na ji daɗin haka ƙwarai. A kan wannan ɗin kuma nake so mu yi magana tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Makarantar Kirista alheri ce. Za ki zauna cikin mutanen da ba za su yi miki dariya ba in kin sunkuyar da kai kin yi addu'a kafin ki ɗauki fensir. Za ki sami malaman da suka yarda cewa duniyar da kike zanawa tana da Mai ita. Sai dai akwai wani rami da ke jiran mai zane a irin wannan wuri, an kuma rufe bakinsa da ɗanyar ciyawa. Ramin shi ne mutum ya ɗauka tunda niyyarsa don Allah ce, to aikin hannunsa ma ya tsira daga bincike. Na san zurfinsa, domin na taɓa faɗawa.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, dattawan wata ƙaramar majami'a a ƙauyen da aka tura ni suka roƙe ni in zana musu Makiyayi Mai Kyau a bangon ɗakin makarantar Lahadi. Na ɗauko wata kalanda da aka bugo daga Turai, na kwafi hoton da ke jikinta, na ƙara masa girma, cikin kwana huɗu na gama. Ranar Lahadi kowa ya yaba. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa, fasto ya sa mini albarka. Bayan an watse, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a bayan dabbobi ya tsaya gaban bangon, ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Da ya juyo sai ya ce, "Malam, sannu da aiki. Amma wanda ya riƙe ɗan rago haka, kafin ya kai gida ya karya masa ƙafa." Ya dafa kafaɗuna ya nuna mini yadda ake saɓa tunkiya a wuya, inda nauyinta ke sauka, yadda ake haɗe ƙafafun gaba a hannu ɗaya na baya a ɗaya, da yadda wuyan makiyayi ke sunkuyawa dole. Ya ƙara da cewa tumakin da na zana bai taɓa ganin irinsu a ƙasar nan ba.

Duk majami'ar nan mutum ɗaya ne ya kalli aikina. Sauran Yesu suka gani suka yi murna, ban kuma ga laifinsu ba. Laifin nawa ne. Na miƙa wa Ubangijina aikin da ba zan yarda in miƙa wa malamina na jami'a ba, don na san a coci babu mai ba ni maki. Daga wannan makon na riƙa zuwa kara duk ranar kasuwa da littafin zane da gawayi. Wata uku ina zana tumaki: 'yankasa, da balami mai dogon kunne da lanƙwasasshen hanci, da uda wadda gabanta duhu bayanta fari kamar an tsoma rabinta a marina. Sai da hannuna ya san tunkiya sannan na shafe bangon da farar ƙasa na sake daga farko. Tsohon ya zo ya gani, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Har yau ban karɓi takardar shaida da ta kai mini wannan gyaɗa kai daraja ba.

Ki buɗe littafin Fitowa sura 31 ki karanta a nitse kafin ki tafi. A nan Allah ya kira Bezalel ɗan Uri na kabilar Yahuza da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa. Ki lura da abin da aka cika shi domin ya yi. Ba a ɗora shi kan dutse ya yi wa jama'a wa'azi ba. An ba shi sanin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙar itace. Aka haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan, gwanin saƙa da surfani, a sura 35 kuma aka ce an ba su baiwar koya wa wasu. A wannan surar ce za ki ga mata masu hikima suna kaɗa zare da gashin awaki da hannuwansu, kamar yadda gwaggonki ke murza mazari a tsakar gida har gobe. Alfarwar sujada da hannun masu sana'a aka yi ta, da awo, kamu kaza tsawo kamu kaza faɗi. Da Bezalel ya karkace a awo, tsarkin niyyarsa ba zai tsayar da katako ba.

Yanzu daga sura 31 ki juya shafi ɗaya, ki shiga sura 32. Haruna ya karɓi 'yan kunnen zinariya, ya narkar, ya siffanta ɗan maraƙi. Zinariyar da aka fito da ita daga Masar ce ta shiga maraƙin, ita ce kuma daga baya ta dalaye akwatin alkawari. Wutar maƙera iri ɗaya ce. Bambancin shi ne Bezalel ya yi abin da aka umarce shi, Haruna kuwa ya yi abin da taro ke ihu a ba shi. Na daɗe ina tunanin me ya sa surorin nan biyu suke jingine da juna, na kuma gamsu cewa mai zane aka ajiye wa wannan darasi. Taro zai yi miki ihu, 'yata. Wani lokaci taron kasuwa ne, wani lokaci na intanet, wani lokaci kuma taron coci ne masu son a ba su hoto mai daɗi wanda ba zai tambaye su komai ba.

Ya kamata ki san gidan da za ki shiga. Ba ɗariƙarmu ba ce. 'Yan ƙaura daga Holan ne suka kafa makarantar a 1876 don horar da fastocin cocinsu, ta yi ta girma har ta zama jami'a a 2019. Mu ma muna da dangantaka da su, don daga cocin nan Johanna Veenstra ta fito, wadda ta iso Najeriya a 1920, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933. Sunan makarantar kuwa na John Calvin ne, malamin Jeniba, wanda ya tsaya kai da fata kan cewa kada a sa siffofi a majami'a. Littafin tambaya da amsa na bangaskiyarsu, wanda aka rubuta a Heidelberg a 1563, ya ƙi yarda ko da a ce hotuna su zama littafin waɗanda ba su iya karatu ba a cikin coci. A 1566 jama'a suka bi majami'u a ƙasashen Holan da Beljiyam na yanzu suna farfasa gumaka da hotuna, daga baya aka shafe bangaye da yawa da farin fenti.

Wani zai ce to me mai zane zai nema a gidan irin waɗannan mutane? Ki saurari ƙarshen labarin. Calvin ɗin nan da kansa ya rubuta cewa zane da sassaƙa baiwa ce daga Allah, abin da ya hana shi ne a siffanta Allah, ya ce a zana abin da ido ke iya gani. Da coci ta daina sayen hotuna, masu zane na Holan suka juya ga abin da ke gabansu: shanu a makiyaya, gajimare, kifi a faranti, tsohuwa tana karatu, yara a kan ƙanƙara. Vermeer ya zana wata 'yar aiki tana zuba madara daga tulu, ba komai a gabanta sai gurasa da hasken taga. Babu aya a rubuce a jikin hoton, babu mala'ika, amma fiye da shekara 350 bayan zana shi, har yau mutane na tsayawa gabansa a Amsterdam su yi tsit. Matar tana zuba madarar nan da dukan hankalinta, mai zanen kuma ya dube ta da dukan nasa. Rembrandt ya fito daga wannan ƙasa, shi kuwa bai bar labaran Littafi Mai Tsarki ba har ya mutu a 1669. A ƙarshen rayuwarsa, bayan ya binne matarsa ya kuma yi asarar dukiyarsa, ya zana dawowar ɗan nan da ya ɓace. Ki nemi hoton ki dubi ƙafafun yaron. Takalmi ɗaya ya fita, ɗayan ya cinye har dunduniya ta bayyana. Duk nisan tafiyar da duk wahalarta suna cikin tafin ƙafar nan. Wanda bai zauna ya koyi zana ƙafa ba, ba zai iya yi mana wannan bishara ba.

Na kawo miki wannan ne domin za a yi ta tambayarki, a can da nan gida, wane saƙo ne a cikin zanenki. Wasu za su ji ba daɗi in ba su ga gicciye ko kurciya ba. Ki amsa musu da ladabi, kada kuma ki bari tambayar ta kore ki daga kallon tattasai da albasa a kan tire. Wanda ya yi albasa ya jera mata riguna bakwai ko goma, kowace da launinta, bai ɗauki wannan ɓata lokaci ba. In kin zauna awa uku kina bin hasken da ke bayan albasa da gaskiya, kin girmama aikinsa. In kuma zuciyarki ta kai ki ga zana gicciye, ki zana shi da nauyin katakonsa.

Gardamar hoto a cikin ikilisiya tsohuwa ce, kuma za a koya muku ita. Za ki ji labarin Yohanna na Dimashƙu, wanda ya rayu a ƙarƙashin daular Umayyawa a ƙarni na 8, ya kare hotunan Almasihu da hujjar cewa tunda ya ɗauki jiki an gan shi da ido, to ana iya zana shi. Taron Nikiya na 787 ya bi bayansa. Za ki ji na masu hani su ma, da labarin macijin tagulla da Musa ya ƙera da umarni, wanda sarki Hezekiya ya farfasa da ya ga mutane sun koma ƙona masa turare. Kada ki raina ko ɗaya daga ɓangarorin nan. Ke kin tashi a Zariya, kin san maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu tsantseni a kan sura, kin kuma ga inda basirarsu ta kwarara: rubutun alƙalami, zayyanar allon sauka, adon bangon soraye. Mahaifin wani abokina na ƙuruciya mai zayyana ne, a gefen tabarmarsa na fara ganin yadda ake raba fili da layi ba tare da ma'auni ba. Don haka kada ki shiga ajin tauhidi da na falsafa da na tarihi kina ƙunƙuni wai sun raba ki da ɗakin zane. Irin wannan makaranta da gangan take sa ɗalibin zane ya karanta su, kuma dalilin zuwa can ke nan maimakon makarantar da ba a koyar da komai sai fenti.

Akwai wani zama da za ki riƙa yi kusan kowane mako. Kowa zai manna aikinsa a bango, malami da ɗalibai su kewaye, a bi ɗaya bayan ɗaya ana faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Mu da aka rene mu da kunya da kara, wannan zama yana mana zafi. Za ki ji yarinya sa'arki ta ce hannun da kika zana kamar ba ƙashi a cikinsa, a gaban kowa. Ki haɗiye, ki rubuta abin da ta ce, ki koma ɗaki ki dubi hannun. Sau da yawa za ki tarar ta yi gaskiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da na fi jin tsoro ma kishiyar wannan ce. A cikin 'yan'uwa masu bi, mutane kan ji nauyin ɓata wa juna rai, sai a yi ta cewa aiki ya yi kyau, ya taɓa zuciya, a tashi ba wanda ya ƙaru. Ga ki baƙuwa daga nesa, za a ƙara yi miki sassauci. Ki nemi malamin da ya fi kowa tsanani, ki same shi a ofishinsa, ki roƙe shi ya gaya miki gaskiya ba ragi. Ke ma in an zo kan aikin wani, ki faɗi gaskiya cikin taushi, kuma a kan aikin za ki yi magana, ki bar mutumin.

Sai maganar da mahaifiyarki ke jin nauyin yi miki, wato zana jikin mutum. Babu mai koyon zane da gaske da zai tsallake wannan aji. Makarantun Kirista a Amurka bakinsu bai zo ɗaya ba a kansa: a wasu, wanda ake zanawa yana sanye da matsattsun kaya irin na masu ninƙaya, a wasu kuma ana bin tsohuwar al'adar makarantun zane ta Turai. Tun makon farko ki je ki tambayi shugaban sashe yadda suke yi, ki ji dalilinsu, ki faɗi naki. Kunyarki ado ce, kada ki yarda wani ya kira ta ƙauyanci. Amma ki sani jiki aikin Allah ne, ɗalibin likita ma sai ya san shi ciki da waje kafin a ba shi wuƙa. Ki koyi ƙasusuwa, ki san inda allon kafaɗa ke zamewa in an ɗaga hannu, ki san yadda ƙugu ke karkata in nauyi ya koma ƙafa ɗaya. Babbar riga ma ba ta zanuwa sai an san kafaɗar da ke ɗauke da ita. Abin da za ki tsare shi ne idonki: wanda ke tsaye a gabanku mutum ne mai suna da iyaye, kada ki kalle shi kamar kaya. In kuma lamirinki ya ƙi wani abu bayan kin yi tunani da addu'a, ki faɗa a fili cikin ladabi, ki nemi wata hanyar cika aikin. Wannan ya fi ki yi shiru kina cin zuciya.

Yanzu fuskar Yesu. Kin san hoton nan da ke rataye a falon kakarki, mai gashi ruwan zuma da ido mai haske, yana kallon gefe. Wani mutumin Shikago, Warner Sallman, ya zana shi a 1940, an kuma buga shi ɗaruruwan miliyoyi har ya iso ƙauyukanmu. Kada ki dawo da ilimi ki yi masa ba'a, domin a ƙarƙashinsa kakarki ta durƙusa ta yi muku addu'a shekara da shekaru. Amma ki sani fuskar da mai zanen ya saba gani a unguwarsu ce ya zana, kuma ke ma kina da unguwa.

Shikago tafiyar kamar awa uku ce a mota daga makarantarku. In kin je babban gidan zane na birnin, ki nemi aikin Henry Ossawa Tanner, baƙar fata ɗan bishop, wanda wariyar launi ta sa ya koma Faransa da zama. Ya zana Bitrus da Yohanna a bakin kabari. Bai nuna mana cikin kabarin ba, haske kawai ke fitowa yana dukan fuskokinsu, Bitrus ya sunkuyar da kai, Yohanna ya ɗaga tasa. A wani aikinsa na 1898 da ke Filadelfiya, ya zana Maryamu yarinya ƙarama zaune a bakin gado, bargo a yamutse, mala'ika Jibra'ilu kuwa ginshiƙin haske ne kawai, ba fiffike ba fuska. Sai da Tanner ya je ƙasar Falasɗinu ya ga ɗakunan da tufafin da idonsa kafin ya yi wannan. Shi ma karar tumakinsa ya je.

A nan gida ma an riga ki share hanya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su karɓi dabarar Turawa amma ba za su zubar da ta iyayensu ba. A ƙarshen shekarun 1960 Onobrakpeya ya zana matakai 14 na hanyar gicciye don wata majami'ar Katolika a Ebute Metta, Legas, matan da ke kuka suna sanye da tufafinmu, masu gicciyewar kuwa cikin kayan sarki na zamanin mulkin mallaka. A 2023 aka baje kolin ayyukansa na addini a Atlanta, daga nan aka kai su Washinton. Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ta koyi gashi da wuta mai ƙarfi da shafa ƙyalli, amma ba ta bar ginin tulu da hannu irin na Gbagyi ba, da ƙadangaru da kunamu da kifayen da take tsagawa a jikinsa. Ga ta nan a bayan naira 20. Ke kuma a ina aka yi miki baftisma? A majami'ar Wusasa da aka gina da tubali da jar ƙasa a 1929, da bakan gizo irin na maginan Zazzau, jinin sana'ar Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu. Tun kina jaririya idonki ke bin waɗannan layuka. Aska takwas a wuyan riga, zanen ƙwarya, shuɗin baba, duk suna cikin hannunki ko ba ki sani ba.

Sai dai ki yi hattara da wani tarko. Za a so ki zama mai zanen Afirka a aji, a riƙa jiran ki kawo yaro mai kumburin ciki, ko majami'a tana cin wuta, ko abin rufe fuska na dodanni wanda ba al'adarmu ba ce ma. Irin wannan yana samun tafi da sauri. Wahalarmu gaskiya ce, kin ga wadda kika gani, kuma in ranar zana ta ta zo ba zan hana ki ba. Amma kada ki sayar da hawayen mutanenki don maki, kada kuma ki zana maƙwabcinki Musulmi yadda baƙo ke son ganinsa. Ki zana shi yadda kika san shi, mutumin da ke aiko mana da naman layya, mu aika masa da shinkafar Kirsimeti. Haka nan kada ki manna dagin Arewa a kowane kyalle don a ce ke 'yar gida ce. Zanen aro ba ya rufe katara, ko daga waje aka aro shi ko daga gida.

'Yan ƙananan abubuwa kuma. Kayan zane suna da tsada a can, bizar ɗalibi kuwa ba ta yarda ki yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, shi ma a cikin makaranta. Ki riƙa zane da gawayi da takarda mai araha kullum, ki ajiye fenti mai tsada sai aikin da ya nuna. Kada ki lashi bakin burushi, wasu launuka masu ja da rawaya da fari guba ce a cikinsu. Kada ki share ƙurar yumɓu a bushe, tana zama a huhu. Tsummokaran da suka sha man fenti kada ki tara su a dunƙule, suna iya kama wuta da kansu. Ki koyi zanen kwamfuta da tsara littafi da ɗaukar hoto da kyau, don su ne za su ciyar da ke kafin a san sunanki, ba kuma abin kunya ba ne, manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci. Na'urorin nan da ke fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, ki san yadda suke aiki, amma kada ki ba su aikin da aka ce hannunki ya yi. Garin yana kusa da tafkin Mishigan, dusar ƙanƙara tana sauka sosai, rana takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Kewa za ta kama ki a watan Janairu. Ki nemi ikilisiya tun da wuri ki zama 'yar gida a cikinta, sujadar makaranta ba ta maye gurbin wannan. In kewar ta yi yawa, ki sa rigar sanyi ki fita ki dubi inuwar itatuwa a kan ƙanƙara. Shuɗiya ce. Ki zano mini ita, ban taɓa gani da idona ba.

Littafin nan da na cika da tumaki a kara yana cikin akwatina, takardunsa sun yi ja amma gawayin bai goge ba. Naki ne, ki tafi da shi. Ki zo ranar Asabar ki karɓa, ki taho da fensir da sabon littafi. Za mu fara biyawa wajen gwaggonki ki zana hannuwanta tana kaɗi, daga nan mu wuce Wusasa ki zauna ƙarƙashin bakan gizon nan ki zana shi da kanki kafin ki tafi. Ki zo da sassafe, kafin rana ta take.

Ubangiji ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Baffanki